Me ya sa zanen ƙauye na fentin ruwa yake kama da aikin da ba a gama ba?

Wani matashi mai sana'ar rubuta allunan shaguna a Aboabo, cikin Kumasi, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga wani zane na fentin ruwa, irin na takarda, rataye a falon wani da ya ba shi aiki. Hanya ce ta jar ƙasa da ta nufi wani ƙauye, ga rumbuna biyu, ga bishiyar rimi, amma babu layi ko ɗaya da ya tsaya sak, inuwar rimin shunayya ce maimakon baƙa, kuma an bar wurare da dama farare, buroshi bai taɓa su ba. Mai gidan ya shaida masa cewa salon imfireshonizim ne, kuma da tsada ya saya. Abin da yake so ya sani shi ne, shin gwaninta ce ko kuwa rufin asirin wanda bai iya zane ba, kuma idan gwaninta ce, ta yaya zai zana ƙauyen kakanninsa da ke wajen Ejura a wannan salo.

Ƙanena, duka biyun suna faruwa, kuma akwai hanyar rarrabe su. Idan ka sake shiga falon nan, ka ja da baya kamar taku huɗu ko biyar, ka dubi zanen, ka tambayi kanka abu guda: wane lokaci ne na yini, kuma wane lokaci ne na shekara? Idan idonka ya ba ka amsa nan take, ya ce hantsi ne a cikin hunturu, ko kuwa la'asar ce bayan an ɗauke ruwa, to wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi. Idan kuwa ka ga rumbu da rimi da hanya, amma ba za ka iya cewa daga ina rana take haskowa ba, to sakin hannu ne kawai aka yi, aka laƙaba masa babban suna don a tsuga kuɗi. Sana'arka ta horar da idonka a kan wata manufa dabam. Allon mai aski dole ne ya nuna kan da aka yi wa aski da safe, ya nuna shi da magariba, ya nuna shi ga wanda ke wucewa cikin mota, shi ya sa kake ƙarfafa gefen kowane abu da layi, kake cika kowane fili da fenti mai kauri. Mai wannan salo shi kuma ba rumbun yake son sanar da kai ba, domin ya san ka san rumbu. Abin da yake bi shi ne yadda haske ya sauka a jikin rumbun a wata sa'a da ba za ta jira shi ba.

Salon ya samo asali ne a Faransa. A ranar 15 ga Afrilun 1874 wasu masu zane kimanin 30, waɗanda suka gaji da yadda alƙalan babban baje kolin gwamnati suke watsi da ayyukansu, suka buɗe nasu baje kolin a Faris, a ɗakin da mai ɗaukar hoto Nadar ya taɓa aiki. A cikinsu akwai Claude Monet da Camille Pissarro da Berthe Morisot da Auguste Renoir da Alfred Sisley da Edgar Degas. Monet ya kawo wani zane na tashar jiragen ruwa ta Le Havre da rana tana ɓullowa cikin hazo, wanda ya yi a 1872 ya sa masa suna Impression, wato abin da ido ya kama a kallo ɗaya, sai wani marubucin jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki sunan zanen ya yi musu ba'a da shi, yana nufin aiki ne da ba a kammala ba, sunan kuwa ya bi su har yau. Ka ga ke nan zargin da ya zo maka a zuci shi ne na farko da aka fara yi musu. Sun yi baje koli sau 8 tsakanin 1874 da 1886, kuma Pissarro kaɗai ne ya shiga dukkansu. Shi ne ma na fi ba ka shawarar ka duba ayyukansa, domin shi ne mutumin ƙauye a cikinsu: gonakin kabeji, hanyoyin keken shanu, mata masu girbi a Pontoise da Éragny.

Abin da ya ba su damar fita daga ɗaki su zauna a gona ba basira kaɗai ba ce. A 1841 wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matso fenti daga ciki a rufe da murfi, sai fenti ya zama abin da ake sawa a jaka. Jirgin ƙasa ya kusanto da ƙauyuka. Masana sinadarai kuma sun samar da launuka masu ƙarfi da ba a da su da arha a da: shuɗin kobal a 1802, shuɗin altramarin na masana'anta a 1828, da koren biridiyan a 1859. Misalin da ya fi bayyana manufarsu shi ne tarin dammunan hatsi da Monet ya yi ta zanawa kusa da gidansa a Giverny tsakanin 1890 da 1891. Ya yi zane kimanin 25 na abu ɗaya, da safe da yamma, cikin rana da cikin ƙanƙara, yana ajiye wannan allo ya ɗauki wancan da zarar hasken ya juya. Dammunan suna nan yadda suke, amma babu zane biyu da suka zo da launi ɗaya.

Akwai abin da masu sayar da zane ba su cika faɗa ba. Yawancin waɗannan mutane da fentin mai suka yi suna, suna ɗora ɗigo mai kauri kusa da ɗigo, ido ya haɗa su daga nesa. Fentin ruwa yana isa ga wannan manufa ta wata hanya dabam, kuma manyan gwanayensa wasu sun riga salon, wasu sun biyo bayansa. Turner na Ingila, wanda ya rasu a 1851, ya riga ya narkar da duwatsu da teku cikin hazo tun kafin a haifi sunan, kuma Monet da Pissarro sun ga ayyukansa sa'ad da suka yi gudun yaƙi zuwa Landan a 1870. Jongkind na Holan yana zana fili da fentin ruwa a waje, Monet kuma ya ɗauke shi a matsayin wanda ya buɗe masa ido. Morisot ta yi fentin ruwa da yawa. Cézanne a ƙarshen rayuwarsa yana zana dutsen Sainte-Victoire ya bar babban sashe na takardar fari. Saboda haka idan aka ce zanen fentin ruwa yana cikin wannan salo, ana nufin manufarsa ce ta yi daidai da tasu, wato kama hasken lokaci guda.

Yanzu ga batun wuraren da aka bari farare. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan dai na bishiyar dakwara da ake samu a Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya, wanda almajirai ke sawa a tawada don ta kama allo. Idan aka tsarma shi da ruwa aka shafa, ruwan ya bushe, sai garin ya kwanta siriri ƙwarai, har haske ya ratsa shi, ya bugi farar takarda, ya dawo wa ido. Wannan ne ke ba shi sheƙin da fentin mai ba ya da shi. Illarsa kuwa ita ce babu farin fenti a cikin lissafin. Kai idan ka yi kuskure a allo, sai ka shafe da fari ka sake. Shi kuwa aikinsa irin na marini ne: zane yana ƙara duhu duk sa'ad da aka sake tsoma shi a baba, amma ba ya komawa fari, don haka inda ake son fari sai a ɗaure shi tun kafin tsomi na farko. Farin da ka gani a kan rufin kwano, ko a gefen rumbun da rana ta buga, takarda ce da mai zanen ya yanke shawarar kewaye ta tun buroshi bai jiƙe ba. A ganina nan ne gwaninta take ɓuya fiye da ko'ina, kuma nan ne ake gane wanda ya yi tunani kafin ya fara.

Inuwar shunayya ma ba ado ba ce. Wurin da rana ba ta kai ba, ba duhu ne zalla ba, domin sararin sama yana haska shi, hasken sama kuwa shuɗi ne. Idan shuɗin haske ya sauka a kan jar ƙasa irin tamu, abin da ido ke gani yana karkata zuwa shunayya mai duhu. Ƙari a kan haka, ido da kansa yana ƙara wa kowane launi abokin gabansa a gefensa, abin da Bafaranshe Chevreul ya yi bayani a littafinsa na 1839: kusa da rawaya mai ƙarfi, ruwan toka yana komawa shunayya, kusa da ja kuma yana komawa kore. Ka gwada da kanka. Ka tsaya a kan hanyar da ba a zuba wa kwalta ba da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ka naɗe takarda kamar bututu, ka leƙa inuwar mangwaro ta ciki yadda ba za ka ga bishiyar ba. Da zarar ƙwaƙwalwa ta daina gaya maka cewa inuwa ce, za ka ga launinta na gaskiya. Ka kuma dubi ƙarƙashin rufin ɗaki, za ka tarar da ja-ja, domin ƙasar da rana ta buga tana mayar da haskenta sama.

Gefen abubuwa da ka ce bai tsaya sak ba, shi ma da dalili. Ido yana ganin abu ɗaya ne sarai a lokaci guda, sauran kuwa a dushe. Mai zane nagari yakan zaɓi wuri guda, misali inda bangon rumbu mai haske ya haɗu da duhun ganye, ya kaifafa gefen nan, ya bar sauran su narke cikin juna. Idan zanen da ka gani ko'ina a narke yake, ko ko'ina a kaife, to akwai rauni.

Kuskuren da na fi gani a wurin matasanmu shi ne koyon salon daga hotunan Turai a waya, sannan a ɗora launin Faransa a kan ƙauyen Gana. Faris tana kusan digiri 49 arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke bi ta gefe, inuwa ta yi tsawo, yinin bazararsu ya kai sa'a 16, almuru kuma ya daɗe. Kumasi da Ejura suna kusan digiri 7. Yininmu bai cika nisa da sa'a 12 ba duk shekara, rana tana hawa da sauri, daga ƙarfe sha ɗaya zuwa biyu tana bisa kai, inuwa ta taru a gindin bishiya, launuka su ƙone su yi fari-fari. Lokacin aiki a nan gajere ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa gab da magariba. Sa'an nan muna da abin da ba su da shi, wato hunturu. A ƙa'idar da littattafai ke koyarwa, abin da ke nesa yana komawa shuɗi-shuɗi. Wannan gaskiya ne a damina, idan ka tsaya ka hango tudun Mampong bayan ruwa ya wanke sama. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar Sahara tana cika iska, nesa ta koma ruwan toka mai ɗan rawaya, rana ta zama farin faifai da ake iya kallo, inuwa ta yi rauni har ta kusa ɓacewa. Wanda ya zana ƙauyen Ejura a watan Janairu da shuɗin sama mai kauri da inuwa mai ƙarfi, ya nuna cewa a ɗaki ya zauna. Haka kuma irin zanen nan da ake yi wa baƙi masu yawon buɗe ido, na bukka uku da mace ɗauke da tulu da rana ruwan goro a baya, hannu yana iya yin kyau a cikinsa, amma faɗuwar rana ɗaya ce ake ta maimaitawa, ba ta wata rana takamaimai ba.

Game da kayan aiki, ka kashe kuɗinka a kan takarda kafin fenti. Takardar da ake so mai kauri ce, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita ɗaya, wadda aka yi da auduga, mai ɗan kaushi a fuska, irin su Arches da Fabriano. Takardar kwali ta makaranta tana kumbura, tana saɓulewa idan aka goga, kuma tana sa mai koyo ya zaci hannunsa ne bai iya ba. Idan tsada ta hana, ka sayi babban falle guda ka yanka shi takwas, domin ƙaramin zane ya fi dacewa da hasken da ba ya jira. Buroshi biyu sun isa, babba mai shan ruwa da matsakaici mai tsini. Launi shida sun isa: shuɗin altramarin, wanda shi ne a cikin bulun da ake sa wa farin kaya, da shuɗin kobal, da rawaya mai haske, da rawayar ƙasa, da ja mai ruwan ƙasa da ake kira siyena, da ja mai sanyi guda. Ka bar baƙi a gida. Altramarin da siyena idan suka haɗu suna ba da duhu mai rai, wanda za ka iya karkatar da shi zuwa ɗumi ko sanyi yadda kake so. Ka tafi da gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta.

A ce ka isa ƙauyen da sassafe a watan Oktoba, masara ta fara bushewa, ka zauna inda hanya ta karkata ta nufi gidaje, rana tana hagunka. Kada ka fara da fenti. Ka runtse ido kaɗan har ganye da ciyawa su daina rarrabuwa, fili ya kasu gida uku kawai: mai haske, matsakaici, da mai duhu. Ka zana wannan da fensir a ƙaramar takarda da ba ta fi tafin hannu ba. A nan ne za ka yanke shawarar inda fari zai zauna, kuma a nan ne za ka tsayar da inuwa, domin nan da minti talatin za ta gusa, kuma idan ka bi ta za ka ƙare da zane mai rana biyu. Sai ka manna takardar a katako, ka jingina shi ya ɗan karkace, ka jiƙa sashen sama da ruwa mai tsabta, ka zuba kobal daga sama, ka bar shi ya gangaro yana raguwa, ka sa ɗan rawayar ƙasa kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Tun takardar tana da danshi, ka ɗiga bishiyoyin nesa da launi mai ɗan kauri, za ka ga gefensu ya bazu da kansa, ya ba ka nisa ba tare da wahala ba. Ka kewaye rufin kwano da gefen rumbu. Hanya kuma ka ja ta da buroshin da ka matse ruwansa, da sauri, yadda zai tsallake ramukan takardar ya bar ƙananan farare kamar tsakuwa tana walƙiya.

Daga nan sai haƙuri. Akwai wani lokaci da takarda ta daina sheƙi amma ba ta bushe ba, kuma idan buroshi mai ruwa ya taɓa ta a lokacin, ruwan zai ture garin launi gefe ya bar tabo mai baki-baki. Ka jira ta bushe sarai, ka taɓa da bayan yatsa, idan babu sanyi to ta yi. Sannan ka shimfiɗa inuwa a bugu ɗaya, daga gindin rimi ta ratsa hanya ta hau bangon rumbu, launi guda mai haɗe su, kada ka koma kana gyarawa. Ka sa ta fi yadda kake so duhu kaɗan, domin fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe. Shimfiɗa uku ta isa a wuri ɗaya. Ta huɗu da ta biyar su ne ke mayar da zane taɓo.

Kore shi ne babban tarko a ƙasarmu, musamman daga Kumasi zuwa kudu inda gonar koko da ayaba da kwakwar manja suka rufe ko'ina. Koren da ke cikin akwati ɗanye ne, babu ganyen da ke da shi. Ka haɗa naka da shuɗi da rawaya a kan takardar kanta, ka bar su su gauraya rabi da rabi, ka karya shi da ɗan ja. Ganyen ayaba da rana ta ratsa kusan rawaya ne, wanda ya fuskanci sama kuwa kusan shuɗi ne, duk a bishiya ɗaya. Yanayi ma yana shiga aikin: a damina shimfiɗa ɗaya tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo ba ta bushe ba, a hunturu kuwa tana bushewa kafin ka kai ƙarshen takarda, ta bar layi a tsakiyar sama, don haka sai ka ninka ruwan da kake kwaɓawa kuma ka zauna a inuwa.

Na san a zango tambayar hoton mai rai ba ta rasa tasowa. Hukuncin na malamai ne, amma sananne ne cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya umarci wani mai sana'ar yin hotuna da ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Zanen fili yana tsayawa da ƙafarsa ba tare da mutum ko dabba ba. Hayaƙi daga bayan danga, ko wanki a kan igiya, ya isa ya nuna akwai mutane a garin.

Don horar da ido ba sai ka je Turai ba. Sashen koyar da zane na Achimota ya dawo Kumasi a 1952, shi ne ya zama kwalejin zane ta jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), kuma ɗalibanta suna baje ayyukansu. Idan ka sauka Akra, ka shiga gidan baje kolin zane na Artists Alliance a unguwar La, ka tsaya gaban zanen kasuwanni na Ablade Glover, wanda ya daɗe yana koyarwa a Kumasi. Da fentin mai da wuƙar shafi yake aiki, amma darasin ɗaya ne: daga kusa ɗigo ne barkatai, daga nesa kuwa taron jama'a ne da rumfuna.

Shi kuma mai gidan da ya saya da tsada, akwai abu biyu da za ka iya yi masa. Na farko, ka duba zanen da gilashin ƙara girma. Idan ka ga ƙananan ɗigo a jere, bugun inji ne. Na hannu yana da alamar fensir a ƙarƙashin launi, da siririn layi mai duhu inda ruwa ya tsaya ya bushe, da garin launi da ya taru a ramukan takarda. Na biyu, ka dubi inda ya rataye shi. Rana kai tsaye tana cinye wasu launuka, musamman jan alizarin, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Bangon da ke shan ruwa a damina yana sa takarda ta yi ɗigon tsatsa da fumfuna. A sa kwali mai kauri tsakanin takarda da gilashi don kada su haɗu, a liƙa ƙananan katako a bayan firam ɗin yadda iska za ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango, kuma a sauke shi a duba bayansa duk ƙarshen damina.